Gobarar Daji da Ƙananan Dabbobi: Abin da Ya Kamata Manomi Ya Sani

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, duk wanda ya bi hanyar Kontagora zuwa Tungan Magajiya a lokacin hunturu zai ga daji ya yi baƙi ƙirin, shirwa na shawagi a kan hayaƙi. Wasu kan cinna wutar don farautar gafiya da zomo, wasu don sabon toho ya fito wa shanu, wasu kuma don share gona da korar ɓeraye. Wannan darasi zai nuna maka cewa wutar takan hallaka dabbobin da ke taimakonka, ta bar maka waɗanda ke yi maka ɓarna.

Yadda wuta ke shafar kowace dabba

Dajinmu na gamba ne da itatuwa irin su kaɗanya, ɗorawa da maje. Idan wuta ta ratsa shi, ba duka dabbobi take ci daidai ba.

1. Masu zama a kan ƙasa: bushiya takan dunƙule idan ta ji haɗari, don haka wuta ke cimma ta a inda take. Jaɓa da 'ya'yan zomo su ma ba su da ƙarfin tsere wa wuta mai iska. Gyazbi kuwa, wanda ke fakewa cikin doguwar ciyawar fadama, yakan rasa gida da abinci a rana ɗaya.

2. Masu rami: gafiya, kurege da ɓerayen daji sukan tsira, domin zafin wutar ciyawa ba ya ratsa ƙasa da nisa. Amma idan suka fito sai su tarar babu ciyawar ɓuya, babu tsabar da za su ci. Shirwa da mujiya su kwashi wasu, saura su nufi inda abinci yake, wato kan damman dawa da rumbunanka.

Wa ke cin riba?

Bushiya da jaɓa ƙwari suke ci, cikinsu har da gara, fara da tsutsotsin da ke lalata shuka. Haihuwar bushiya kaɗan ce, saboda haka takan daɗe ba ta sake yawa ba. Akwai kuwa wani ɓera mai nonuwa da yawa wanda yake cikin na farko da ke mamaye ƙonannen daji. Cikin macen bai wuce mako 3 da 'yan kwanaki ba, kuma takan haifi 'ya'ya 10 ko fiye a lokaci ɗaya. Shi ne ke tone irin masara bayan shuka, shi ne kuma ke ɗauke da ƙwayar cutar zazzaɓin Lassa, wadda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu a 1969. Cutar kan kama mutum ta hanyar abincin da fitsari ko kashin ɓeran ya taɓa, kuma ta fi yawa da rani, daidai lokacin ƙonar daji. Ka ga ke nan an gudu ba a tsira ba.

Lokacin wuta

Wutar watan Nuwamba, lokacin da ciyawa ke da sauran danshi, takan ci nan ta bar can, dabbobi su sami mafaka a tsakani. Wutar Fabrairu da Maris kuwa, bayan komai ya bushe ƙayau, ba ta barin ko ganye. Takan kashe ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara ga iska da ruwan farko.

Shawarwari

1. Kada ka cinna wuta don farauta. Naman gafiya ɗaya bai kai damin dawa ba, kuma dokar da hukumar NESREA ta fitar a 2011 ta hana ƙona daji ba tare da izini ba.
2. Share hanya mai faɗin aƙalla mita 5 kewaye da gona, rumbu da lambun itatuwa kafin ciyawa ta bushe.
3. Idan ƙona ta zama dole, a yi ta da wuri, da yamma bayan iska ta kwanta, da sanin mai gari da maƙwabta, a kuma tsaya har ta mutu.
4. Bar ciyawar bakin rafi da fadama, domin nan ne mafakar dabbobi.
5. Kwashe amfanin gona da wuri, ka liƙe rumbu, ka daina shanya abinci a bakin hanya.
6. Tara kara da harawa don dabbobinka ko don takin gargajiya.

Kammalawa

Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, domin wutar maƙwabci ba ta san iyakar gona ba. Ku zauna da makiyaya, mafarauta da mai gari tun kaka, ku tsayar da ranar share hanyoyin tare wuta. Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona na yankinku.