DARASI: SU WANE NE A KOTU IDAN ANA SHARI'AR LAIFI?



Da yawa cikin samarinmu, daga Nima har Zongon Kumasi, suna zaton wanda 'yan sanda suka kama, shi ke nan laifi ya tabbata a kansa. Wannan zato yakan sa tsoro ya kai mutum ga amsa abin da bai aikata ba. To, ga aikin kowa a kotun Gana.

1. ALƘALI. Asalin kalmar Larabci ce, "Alƙadi". Shi ke sauraron ɓangarorin biyu, ya duba beli, ya yanke hukunci. A 2016 Kotun Ƙoli ta yanke cewa babu laifin da doka za ta hana alƙali duba belinsa.

2. MAI GABATAR DA ƘARA. Sashe na 88 na Tsarin Mulkin 1992 ya ɗora wannan aiki a wuyan Atoni-Janar. A ƙananan kotuna galibi ɗan sanda ke tsayawa a madadinsa. Shi ne zai kawo hujjar da ta kawar da shakka.

3. WANDA AKE TUHUMA. Sashe na 19 ya ce ba shi da laifi har sai an tabbatar, ko ya amsa da bakinsa. Sashe na 14 ya wajabta a kai shi kotu cikin awa 48, ko a sake shi. In ba ya jin Turanci, haƙƙinsa ne a ba shi tafinta kyauta. Kada ka ce "na amsa" ga tuhumar da ba ka fahimta ba.

4. LAUYA. Yana kare wanda ake tuhuma, yana yi wa shaidu tambayoyi don a gwada maganarsu.

5. JURI. A shari'ar kisan kai, Babbar Kotu tana zama da mutum 7 daga cikin jama'a. Su ke cewa an yi laifi ko ba a yi ba.

6. MAI SHAIDA. Nan ne nauyi ya fi hawa kanmu. Faɗi abin da idonka ya gani kawai, ko da ɗan unguwarku ne a tsaye. Shaidar zur laifi ce a doka, kuma tana cikin manyan zunubai. Ɓoye shaida ma zalunci ne, domin shirunka na iya kai marar laifi kurkukun Nsawam.

Allah ya sa mu cikin masu tsayawa kan gaskiya. Wassalam.