Daga Gedambaliya zuwa Bahar Maliya: a bar dolfin ya huta

In an gama yankan riɗi da dawa a Gedambaliya, kuɗi sun shigo hannu, zafi ya sassauta, lokacin ne ya fi dacewa mai son ganin teku ya kama hanya: Gadarif, Kassala, Haiya, sai Fot Sudan. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 shingayen bincike sun yi yawa, don haka takardunka su zauna a jikinka, ka kuma ji labarin hanya a bakin direbobi kafin ka yanki tikiti.

Kimanin kilomita 25 daga gaɓa Sanganeb yake, zoben duwatsun murjani a tsakiyar ruwa, da hasumiyar fitilarsa. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya tare da mashigin Dungonab, mazaunin dugon, ɗan'uwan ayu. A wannan ruwa dolfin kan taso wa jirgi garke guda, suna huda ruwa suna fesar da numfashi, wani ya yi tsalle ya murɗa jikinsa a sama.

A nan nake roƙonka ka danne zuciyarka. Irin masu murɗawar nan da dare suke farauta a zurfi, da rana kuma su shigo inuwar murjani su huta, uwa na shayar da ɗanta. Mai jirgin da ya kutsa tsakiyarsu ya ce ka faɗa ruwa a ɗauke ka hoto, barcin ya katse musu. In abin ya zama kullum, garken kan ƙaurace wa wurin. Masar ta ga haka a Samadai, kusa da Marsa Alam, shi ya sa tun 2004 ta keɓe sashen da ba mai shiga sai dolfin. A Hawai ta Amurka, tun 2021 laifi ne kusantarsu ƙasa da yadi 50.

Kuɗinka ne ke juya akalar jirgin. Tun a bakin ruwa, kafin a gama ciniki, ka gaya wa mai jirgi ba kora, ba kewayewa, ba jefa musu abinci. Ya rage gudu, ya bi ta gefe. In sun zo don kansu, hannunka ya tsaya cikin jirgi. Wanda ya yi maka alkawarin lallai sai ka taɓa dolfin, nemi wani jirgin, ka kuma tabbata akwai rigar ceto ga kowa.