Abubuwan da ke Jagorantar Shawarar Mai Jiyya ta Hanyar Aiki

Gabatarwa

Jiyya ta hanyar aiki wani reshe ne na kiwon lafiya wanda ke taimakon majinyaci ya koma ga harkokinsa na yau da kullum, watau cin abinci da wanka da ibada da sana'a. An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan aiki a Amurka a 1917, ta duniya kuwa a 1952. Wannan maƙala za ta duba abin da ke sa mai jiyyar ya ɗauki wata hanya ya bar wata.

Tunani Iri Uku

A cikin littafinsu na 1994, Cheryl Mattingly da Maureen Fleming sun nuna cewa ƙwararren mai jiyya yakan haɗa tunani iri uku: na cutar kanta, da na mutumin da ke ɗauke da ita, da na irin rayuwar da zai koma.

A ɗauki misalin tela wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ilmin cuta zai sanar da mai jiyya cewa lahanin yana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, saboda haka mai yiwuwa ne maganarsa ta taɓu, kuma yawancin sauƙi a watannin farko akan same shi. Daga nan sai ya zaɓa: ya dage kan farfaɗo da hannun dama, ko ya koya wa hagu aiki.

Al'ada da Harshe

A takarda, koyar da hagu ya fi sauri. Amma Bahaushe da dama yake ci, da ita yake gaisawa, hagu kuwa ta tsarki ce. Wanda aka ce ya ci da hagu yana iya amsawa a asibiti, in ya koma gida ya ƙaurace wa akushin da 'yan'uwansa ke ci, ya zauna da yunwa. Haka kuma yana iya fi damuwa da yadda zai yi alwala fiye da yadda zai riƙe almakashi.

Daɗin daɗawa, harshe yakan ɓatar da mai jiyya. In an tambayi Bahaushe jiki, amsarsa ita ce "da sauƙi", ko da kuwa ya kwana bai runtsa ba. Wanda ya ɗauki wannan gaisuwa a matsayin bayani zai sallami majinyaci da wuri. Kunya ma takan hana dattijo faɗa wa ƙaramar ma'aikaciya cewa ba ya iya tsugunawa a makewayi.

Akwai kuma halin aljihu da na muhalli. Keken guragu ba ya tafiya cikin rairayi, wani zauren ma ƙofarsa ba ta ɗaukarsa.

Kammalawa

Ke nan sanin cuta kaɗai ba ya isar mai jiyya ya yanke shawara. Dole ya iya tambaya, ya kuma saurari abin da kunya ta ɓoye, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ya yi sakaci da wannan, tela zai fita asibiti, amma ba zai koma kan kekensa ba.