Darasin Mu'amala: Sanar da Mutum Kafin a Kai Shi Ƙara

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ɗalibai, a nan Zurgu duk kaka muna ganin abu guda. Mutum ya ba ɗan'uwansa buhun taki bashi da damina, a kan zai biya in an girbe masara. Kaka ta zo ta wuce, shiru. Sai mai bashi ya fusata, ya hau babur sai Rano, ya yanko sammaci. Wanda ake bi bai san an kai nan ba sai da ma'aikacin kotu ya yi masa sallama a gaban iyalinsa. Daga ranar gaisuwa ta yanke, har matansu su daina shiga gidan juna.

Shari'a ba ta hana mutum neman haƙƙinsa ba. Hadisi ingantacce ya nuna cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. Amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu. To, yaya za ka gane wanne ne naka, mai taurin bashi ko matalauci, in ba ka tuntuɓe shi ba? Amfanin takardar gargaɗi ke nan.

Ga yadda ake yinta. A rubuta sunan mai bashi da na wanda ake bi, da adadin kuɗin ko buhunan, da ranar da aka karɓa, da sunayen shaidu. Sannan a ɗiba masa wa'adi bayyananne, misali kwana 14, a ce in bai biya ba kuma bai zo an daidaita ba, za a je gaban alƙali. Ban da zagi, ban da gori. A aika ta hannun mutum biyu adalai, ko ta wajen mai unguwa, mai bashi kuma ya ajiye kwafi. Ko da ajami aka rubuta ta yi, in dai wanda aka aika wa yana karantawa. Wanda tun farko ya bi aya ta 282 ya rubuta bashin, aikinsa ya yi sauƙi ƙwarai.

Kada ku rikita wannan da i'izari. Shi i'izari aikin alƙali ne, yana tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja kafin ya yanke. Masu karatun Tuhfa ta Ibnu Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 829 bayan Hijira, za su tarar da shi a can. Takardarmu kuwa tun kafin a taka ƙofar kotu ce.

A dokar ƙasa ma akwai inda sanarwa ta zama tilas. Mai gidan haya ba ya fitar da ɗan haya haka kawai, sai ya ba shi notis, in wa'adin ya cika ya ƙara masa na kwana 7 cewa zai je kotu. Hukumomin gwamnati da yawa kuma dokarsu ta ce sai an sanar da su a rubuce kafin a yi ƙararsu, wanda ya tsallake wannan ana iya korar ƙararsa ko da gaskiyarsa. Irin wannan a nemi lauya, ba aikin malamin Islamiyya ba ne.

'Yan aji shida, kowa ya rubuto irin wannan takarda a kan bashin buhu 3 na taki, ya kawo ranar Asabar. Ku karanta wa iyayenku ita tukuna. Wallahu a'alamu.