Darasi A Kan Ranar Uwa: Wace Uwa Za A Gode Wa?

Ranar Uwa ta kan zo sau biyu a shekara a ƙasarmu, 'yan makaranta kuwa su kan tambayi malami dalili. Ya kamata mu da mu ke shirin fita koyarwa mu san amsar, mu kuma san yadda za mu bi da darasin a aji, gama akwai wani rami a cikinsa wanda sabon malami ya kan faɗa bai sani ba.

Ta fari, asalinta daga Ingila ne. Tana faɗowa ran Lahadi ta huɗu cikin Azumin Kirista, watau saura mako uku Ista, galibi cikin watan Maris. A zamanin dā, ran nan mutane su kan koma babbar majami'ar yankinsu, wadda su ke kira uwar majami'u. Samari da 'yan mata masu barantaka a gidajen masu arziki a kan sallame su su je gida, sai ta zama ranar ganin uwa da dangi. Daga baya al'adar ta yi sanyi, har a 1913 wata mace mai suna Constance Smith ta tashi farfaɗo da ita. Ita ce wadda ekklesiyar Angalika ta ke kiyayewa a nan Nijeriya.

Ta biyu daga Amurka ta fito. Wata mace, Anna Jarvis, uwarta ta rasu a 1905, ta ƙudura a ranta sai an keɓe rana domin tunawa da wahalar uwa. Aka yi sujada ta farko a garin Grafton cikin watan Mayu na 1908. A 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu, Lahadi ta biyu ga Mayu ta zama ranar ƙasa duka. Abin tausayi, da ta ga masu sayar da kati da furanni sun mai da ranar kasuwa, sai ta juya tana yaƙi da abin da ita ta kafa, har ta rasu a 1948 ba ta da ko anini.

To, ga inda na ke so mu dakata. Anna Jarvis ta nace a rubuta sunan ranar da tilo, kada a sa jam'i, domin a ganinta kowane gida uwarsa guda ce, ita za a girmama. A gidan da ta tashi wannan daidai ne. Amma a shiga gidan Bahaushe, ko a Zariya ko a Sabo ta Ibadan, a tambayi yaro wa ya goye shi, a ji tsawon amsa.

Tun yana ciki aikin ya rabu. Mai cikin fari ta kan koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta. Ungozoma ta yanke cibi. Wata tsohuwa ta tashi tun da asuba ta hura wuta, ta dafa ruwan wankan jego, safe da yamma, kwana arba'in ba fashi, ta kuma dama kunun kanwa. (Likitoci dai sun yi gargaɗi cewa yawan kanwa da tsananin zafin ruwa su kan taɓa zuciyar mai jego, ya kamata mu faɗa wa mutanenmu, amma wannan bai rage ladan tsohuwar ba.) 'Yan'uwanmu Ibo da ke cikin kwalejin nan sun san irin wannan hidima, su suna ce da ita omugwo. In yaro ya kai kamar shekara biyu, sai a kai shi yaye wurin kaka, ita ce za ta sha kukan dare. Wani daga yaye ba ya komowa, ya zama ɗan riƙo ke nan. Ga goggo, 'yar'uwar uba, ga inna, 'yar'uwar uwa, ga abokiyar zaman uwa wadda ran girkinta tuwonta kowa ya ke ci. Ga kuma yaya, yarinya 'yar shekara takwas, wadda ta yi ta fama da goyo har bayanta ya ƙage. Da gaskiyar masu iya magana da su ka ce ɗa na kowa ne.

Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, ya san ba ta taɓa haihuwa ba, duk da haka ta yi renon 'ya'yan da aka ba ta har su ka girma. In za a bi ƙa'idar tilo, irin su Baba ba su da rabo a wannan rana. Ni a ganina wannan rashin adalci ne.

Akwai kuma maganar kunya, wadda baƙo ba ya ganewa da wuri. A al'adar Hausa uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, wata ko amsa gaisuwarsa sai a taƙaice. Ƙauna tana nan, kara ce ta rufe ta. A birane abin ya ragu, amma bai mutu ba. To, a ce malami ya umarci ɗan fari ya je ya rungumi uwarsa a gaban taro ya ce yana ƙaunarta, kamar yadda a ke gani a hotunan Turawa. Uwar za ta sunkuyar da kai, kishiyoyi su yi dariya, yaron ya komo yana zaton an ƙi shi. Irin wannan yaro godiyarsa ta kan bi ta hannun wani: ya ba kaka ko goggo turmin zane ta miƙa, ko ya cika randa da ruwa, ya faskara itace, ba tare da ya ce uffan ba. Uwar ta gane sarai.

Saboda haka in mun zo darasin, kada mu fara da cewa kowa ya rubuta wa uwarsa wasiƙa. A kusan kowane aji akwai maraya, akwai wanda aka saki uwarsa tun yana ƙarami, akwai wanda bai san matar da ya ke kira Inna ba ita ta haife shi ba, kuma ba aikin malami ba ne ya tona. Gara a rubuta tambayoyi a allo: wa ya goye ka, wa ya ke ba ka abinci, wa ya kwana a kanka da ka yi ciwo? Kowane yaro ya jera sunaye a littafinsa. Za a ga wani ya kawo uku, wani bakwai, maraya ma ba zai zauna da farar takarda ba. Daga nan darasin sunayen dangi ya samu a sauƙaƙe, har a gwada na Hausa da na Yarbanci da na Ibo a gani inda su ka yi daidai.

Sa'an nan kowa ya zaɓi guda ko biyu ya rubuta musu godiya, ya ambaci abu takamaimai da su ka yi masa, kamar ran da aka goya shi zuwa asibiti cikin ruwan sama. Malami ya gyara rubutu a keɓe, kada ya karanta wa aji sai da yardar mai ita. Tun da ya ke tsofaffi da yawa ba su karatun boko, a koya wa yaro yadda zai durƙusa ya gaisa, kāna ya karanta musu da bakinsa. Waɗanda ke nesa da gida su ajiye tasu wasiƙar sai hutun Ista, sa'ad da dangi su kan taru, a fara da ɗakin kaka.