Ruwa ya tashe mu, na bar ƙwayoyina a gida

Tambaya: Anti, amarya ce ni a Maiduguri. Ambaliya ta kore mu zuwa sansani, ƙwayoyin tazarar haihuwata suna gida. Kunya ta hana ni tambaya. Yaya zan yi?

Amsa: Ƙanwata, sannu da wannan jarrabawa. Lokacin da madatsar Alau ta fashe a Satumbar 2024, mata da yawa sun fito da zanen jikinsu kawai, don haka ba ke kaɗai ba ce.

Yau ɗin nan ki je tantin asibitin sansanin, ki ce ungozoma kike nema. In layin ya cika da maza, ki raɗa mata kina son magana a keɓe. Aikinta ke nan, kuma sirrinki amana ne a wuyanta.

Idan kin yi kwana uku ba ki sha ba, ki koma sha da zarar kin samu, maigida kuma ya yi amfani da kwaroron roba har kwana bakwai. In kun riga kun sadu, akwai ƙwayar gaggawa da ake sha cikin kwana biyar, amma gara a sha da wuri.

Ni dai da allurar wata uku zan ba ki shawara a irin wannan zama, domin ba abin da za ki ɗauka ko ki ɓoye a jaka. Akwai ma allurar Sayana Press, wadda za a koya miki ki yi wa kanki a cinya.

Wani abu kuma da ya kamata matan sansani su sani: wadda aka yi wa fyaɗe, a kai ta asibiti kafin awa 72, a ba ta maganin kariya daga cutar ƙanjamau.