Darasi na 17: Sifana Mai Aiki da Iska

Jama'a, dukanmu mun san mai faci. In mun je tashar mota a Gwandu, ko Kalgo, ko Jega, mukan gan shi da injinsa mai tanki da dogon tiyo. Injin nan yana tura iska cikin tanki, ya danne ta har ta matsu. Da ita ake hura taya. To, iskar da aka matse tana da wani aiki kuma. Tana iya juya sifana, ta kwance noti, ta ɗaure shi.

Kada wani ya ce wannan bai shafe shi ba. Motar da ke kai shinkafarmu da geronmu daga Maruda zuwa kasuwar Jega, noti ne ke riƙe da ita. Haka wadda ke kai majinyaci asibiti a Birnin Kebbi. Ga kuma 'ya'yanmu da muke kaiwa gareji koyon aiki.

Asalinta

Sifana irin ta da, in an murɗa sai a cire a sake sakawa. A shekarar 1863 wani Ba'amurke, J. J. Richardson, ya yi rajistar wata mai haƙora a cikin kanta. Ita ba a cire ta daga kan noti, sai dai a yi ta kai hannu ana komowa. Daga baya aka sa wa irinta ƙaramin inji a cikin mariƙi, wanda iska ke juyawa. Ita ce sifana mai iska.

Yadda take aiki

Akan haɗa tiyo a gindinta. A bakinta kuma a sa soket, watau ɗan kofin ƙarfe da ke hawa kan noti. Kowane soket da lambarsa a jiki: 10, 12, 14, 17. In an danna maɓalli, iska ta shiga ta buga 'yan fukafukai a ciki, su juya, soket ya juya. A ƙeyarta akwai ɗan makunni. In an murɗa shi nan ta ɗaure, in an murɗa can ta kwance.

Yawancinsu suna son iska ta kai lamba 90 a layin da aka rubuta PSI a agogon tanki. Tayar ƙaramar mota kuwa wajen 30 zuwa 35 take ɗauka. Ashe ƙarfin ya kusa ninki uku, ba abin wasa ba ne.

Amfaninta shi ne sauri a wuri mai matsi, kamar gefen inji da bayan lagireto, inda hannu ba ya samun filin kaiwa da komowa. Amma ba a kwance tayar mota da ita. Wannan aikin bindigar iska ne, wadda ta fi ta ƙarfi nesa, tana aiki tana ƙara tar-tar-tar.

Hannu ya fara, hannu ya gama

Ga babban abin da za mu riƙe. Iska tana da ƙarfi, amma ba ta ji, ba ta gani. In noti ya hau a karkace, yatsa zai ji ya cije, ya tsaya. Iska kuwa sai ta tura shi da ƙarfin tsiya, ta cinye tiredi, watau zanen nan da ya kewaye ƙusar. In fulogi ne, abin ya fi muni, domin kan injin motocin yanzu ƙarfensa taushi gare shi. Aikin minti biyu ya zama na kwana biyu. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Saboda haka makanike na kirki yakan bi wannan hanya:

1. Ya zaɓi soket daidai da noti. Mai faɗi yana cinye kusurwoyinsa.

2. In noti ya kafe, ya fara karya ƙarfinsa da hannu, sa'an nan ya danna iska.

3. Wajen ɗauri, ya fara murɗawa da yatsu sau uku ko huɗu tukuna.

4. Da noti ya zauna ya saki maɓalli. In bai saki ba, mariƙin zai fizge, ya haɗa masa yatsu da ƙarfe.

5. Ya ƙarasa da hannu, da sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in ɗauri ya kai yadda masu ƙera motar suka rubuta.

Notin taya ma haka ne. Ko da bindiga aka ɗaure, a ƙarasa da hannu. Kada a bi su a jere. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa na daura da shi. In an yi tafiyar kilomita 50 ko sama da haka, a sake dubawa. Wanda ya yi sako-sako yana kwancewa a hanya. Wanda aka matse fiye da kima kuwa ƙusarsa na iya tsinkewa. Taya in ta fita mota tana gudu, rayuka ne.

Kula da kayan aiki

Kowace safiya a ɗiga mata mai irin nata, ɗigo biyu ko uku, ta inda iska ke shiga. Kowace yamma a buɗe famfon ƙarƙashin tanki, ruwan da ya taru ya zuba, balle da damina. Ruwan nan shi ke kawo tsatsa. Da hunturu a rufe bakinta saboda ƙura. A cire tiyo kafin a sake soket. Kada a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. Kada yaro ya nuna wa ɗan'uwansa tiyon iska da sunan wasa. Tana iya fasa ido ko dodon kunne, in ta shiga jiki kuwa tana kisa.

Mu da ba makanikai ba, in an canja mana taya mu tsaya mu gani. Mu ce da ladabi, "Maigida, a ƙarasa mana da hannu." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Tambayoyi

1. Mene ne soket?
2. Lamba nawa iska za ta kai a agogon tanki?
3. Don me ake fara ɗaura noti da yatsu?
4. Me ke faruwa in an bar ruwa cikin tanki?

A rubuta waɗannan a allo: noti, tiyo, taya, sifana, iska.